Tsoro da bin Yesu: tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa, a zumuntar matasa, a Zumuntar Mata, ko bayan an tashi sujada mutum ya ja ka gefe yace akwai maganar da take damunsa. Masu tambayar daga wurare dabam dabam suke, akwai na Kudancin Kaduna da Filato, akwai 'yan Borno da Adamawa, akwai Hausawa Kiristoci na Kano da Katsina da Zariya har da 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, amma in ka saurara da kyau damuwar kusan ɗaya ce. An fara da masu sauƙi, masu nauyin suna ƙasa.

Ni mai bi ne amma ina jin tsoro sosai, wannan zunubi ne?

A'a ɗan'uwa, jin tsoro ba zunubi bane. Allah ne ya yi ka da jikin da in ya ji ƙarar bindiga gaba zai faɗi, gwiwa ta yi sanyi, wannan baya nuna ka ja da baya. Buɗe Littafi Mai Tsarki ka duba mutanen da muke kira jarumawan bangaskiya. Gidiyon a ɓoye yake sussukar alkama a wurin matse inabi saboda tsoron Midiyanawa lokacin da mala'ika ya same shi, Iliya da ya roƙa wuta ta sauko a dutsen Karmel shine dai ya ranta a na kare da Yezebel ta aiko masa da saƙo, manzo Bulus kuma da kansa ya rubuta wa Korintiyawa cewa da rashin ƙarfi da tsoro da rawar jiki ya zo wurinsu (1 Korintiyawa 2:3). Almajirai ma ranar da Yesu ya tashi daga matattu, da yamma a ɗaki suke sun kulle ƙofofi.

Dauda a Zabura 56:3 bai ce shi baya jin tsoro ba, cewa yayi a lokacin da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Inda matsala take shine tsoro ya zama shi ke yanke maka shawara kullum, shi zai ce yau ba zaka coci ba, shi zai ce ka yi ƙarya, shi zai ce ka juya wa ɗan'uwa baya. Wannan ne abin yaƙa, ba bugun zuciya ba.

Amma ai an rubuta Allah bai bamu ruhun tsoro ba, ya ke nan?

Haka ne, 2 Timoti 1:7. Sai dai karanta aya ta 8 da ke biye mata, nan Bulus yake cewa Timoti kada ya ji kunyar shaidar Ubangiji, kada kuma ya ji kunyarsa shi Bulus da yake kurkuku. Kaga maganar akan noƙewa ce da jin kunyar Yesu da mutanensa. Kuma abubuwa uku aka ce an bamu, iko da ƙauna da kamun kai, to mai kamun kai ba shine mai afka wa haɗari ido rufe ba. Dan Allah mu daina dukan juna da wannan ayar, mace ta rasa miji a hari tana rawar jiki sai wani ya jefa mata ita kamar hukunci, ba don haka aka rubuta ta ba.

To daga ina zan fara? Ni ko a wurin aiki na kasa nuna ni Kirista ne

Ka fara daga inda kake. Yawancinmu in muna tunanin ƙarfin hali sai mu hango ranar da za a ɗora mana bindiga a ka, alhali da yawa cikinmu ba zasu ga wannan ranar ba, amma kowa zai ga safiyar Litinin. Oga ya turo maka fayil yace ka sa hannu akan kuɗin da ka san ba a kashe ba, abokan aji suna tara kuɗin satar amsa ana jiran naka, a kasuwa kowa ya bubbuge gindin mudunsa kai kaɗai ne naka yake cika, ana hira a ofis ana zagin wani da baya nan an zuba maka ido ka sa baki. Nan ne ake koyon tsayawa, kuma tsoron da ke nan na gaske ne, tsoron a hana ka ƙarin girma, a tura ka wani ƙauye, a daina gaishe ka.

Ɗauki abu ɗaya a wannan satin. Ka yi addu'a akan abincinka a fili ba tare da ka yi kamar kana sosa goshi ba, in an tambaye ka ina ka je ranar Lahadi kace coci, in an kawo maganar sa hannun nan kace ranka ya daɗe a yi mini haƙuri wannan ba zan iya ba, da ladabi, ba sai ka yi wa'azi ba. Gidiyon da aka ce ya rushe bagaden Ba'al na gidan ubansa, da dare ya yi saboda yana tsoron mutanen gidan da na gari (Littafin Mahukunta 6:27), amma dai ya yi, kuma Allah bai ƙi aikin ba don an yi shi da dare. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya mai bi abin da ka ƙudurta domin ya tambaye ka daga baya, abin da ka riƙe kai kaɗai a ciki saurin narkewa yake.

In na yi shiru a cikin mota ko kasuwa ban ce ni Kirista bane, na yi musun Yesu kenan?

Wannan tambayar tana cin mutane a rai ƙwarai. Akwai bambanci tsakanin yin shiru da yin musu. Ba kowa ne ya wajaba ka buɗe wa cikinka ba, Yesu da kansa yace mu zama masu wayo kamar macizai marasa ɓarna kamar kurciyoyi (Matiyu 10:16), Esta ta zauna a fadar sarki ba ta faɗi asalinta ba sai da lokacin faɗa ya yi. Uwar da take ninke zanen Zumuntar Mata ta sa a leda, ta bi ta unguwar da ake zaman ɗar-ɗar da zanenta na gida, sai ta shiga harabar coci ta ɗaura, wannan ba ta musunci kowa ba, hikima ta yi. Haka wanda ya cire waƙar coci daga ƙarar wayarsa kafin ya hau doguwar hanya.

Musu shine a tambaye ka kai tsaye kace ba ka san shi ba, ko ka furta abin da zuciyarka ba ta gaskata ba, Matiyu 10:32-33 a fili take akan wannan kuma ba zan sassauta ta ba. Abin da zaka riƙa tambayar kanka shine, shirun nan nawa na lokaci ne ko ya zama rayuwata? In ka shekara goma a unguwa ɗaya maƙwabcinka na jikin katanga bai san kai mai bi bane, to gaskiya abin ya wuce hikima, koma ka duba amsar da ke sama akan inda za a fara.

Na riga na yi musun, an tare mu a hanya na ce ni ba Kirista bane. Akwai sauran gafara gare ni?

Akwai. Bitrus sau uku ya yi musu a dare ɗaya, na farkon ma a gaban wata baranya ce ba soja ba, har da rantsuwa daga baya, ya fita ya yi kuka mai zafi. Bayan tashin Yesu a bakin tekun Galili sau uku aka tambaye shi ko yana ƙaunar Ubangiji, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki (Yohanna 21). Shi ɗin ne ya tsaya ranar Fentikos ya yi wa taro wa'azi.

Ka furta wa Allah abin da ya faru yadda yake, kada ka ƙawata shi kada kuma ka ce ai ba komai bane, sannan ka samu fasto ko dattijo mai riƙe sirri ka gaya masa. Kada ka daina zuwa sujada, kada ka yanke wa kanka hukuncin daina cin jibin Ubangiji ba tare da ka yi magana da shugabanninka ba. Ku kuma shugabanni, wanda bai taɓa kwana a daji a hannun masu bindiga ba ya yi a hankali da bakinsa akan wanda ya kwana.

Gudu daga gari saboda tashin hankali rashin bangaskiya ne?

Ba haka bane. Yesu yace in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23), Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare zuwa Masar, Bulus a cikin kwando aka zura shi ta katangar Dimashƙu. A Ayyukan Manzanni 8 tsanani ne ya warwatsa masu bi daga Urushalima, duk inda suka je kuma suka tafi da bishara.

Mun ga wannan da idonmu. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma kama hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi, shugabannin ikkilisiyar suka koma Jos na wani lokaci, mutane suka watsu Yola da Abuja da Kamaru, kuma a wurare da dama da suka sauka aka buɗe sababbin majami'u. Ikkilisiyar da aka fara a Garkida a 1923 bata mutu ba don 'ya'yanta sun gudu da ransu. Akwai kuma waɗanda Allah ya sa wa nauyin zama, musamman makiyaya da basa iya barin tsofaffi da marasa lafiya, to wanda ya zauna kada ya raina wanda ya tafi, wanda ya tafi kada ya ce wanda ya zauna ganganci yayi. In kana da mata da yara ka yi shawarar tare da matarka, ba kai kaɗai ne zaka ɗauki sakamakon ba.

Tun da aka kai hari kusa da mu nake tsoron zuwa coci, in riƙa yin sujada a gida?

Tsoronka yana da dalili. Tun harin cocin Katolika na St. Theresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da na masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, safiyar Lahadi ta canza a arewa. Yanzu ka iso ƙofa 'yan Birget, ƙungiyar samarin coci, sun tsaya da na'urar bincike suna shafa ta a jikin kowa, an ajiye duro da aka cika da siminti a bakin hanya, motoci can nesa, mata da yawa sun daina zuwa da babbar jaka sai Littafi da ɗan kuɗin baiko a hannu. A Nijar ma a Janairun 2015 an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, 'yan'uwa suka koma yin sujada a gidaje da ƙarƙashin rumfa kafin a sake gini.

In jami'an tsaro ko dattawan coci sun ce akwai barazana takamaimai, a saurare su, a canza lokaci ko a rabu gida gida, wannan ba laifi. Nehemiya addu'a suka yi kuma suka sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9), duka biyun. Amma kada zaman gida ya zame maka jiki, Ibraniyawa 10:25 da ta ce kada mu bar taruwa an rubuta ta ne ga mutanen da aka riga aka ƙwace wa dukiya saboda bangaskiya. Tsoro ya fi girma a ɗaki in mutum yana shi kaɗai. In ya yi maka nauyi ka fara da addu'ar safe ko zumuntar gida, ka tafi tare da wani, ka zauna kusa da ƙofa in hakan zai sa ka iya zama, babu wanda zai tuhume ka. In kuma jikinka ne yake ƙin shiga gaba ɗaya duba amsar da ke ƙasa akan rashin barci.

Ni sabon mai bi ne, a gida basu sani ba. Dole ne in faɗa musu yanzu?

Ba dole sai yau ba, amma kada ka zauna kai kaɗai. Nikodimu da dare ya fara zuwa wurin Yesu, Yusufu na Arimatiya kuma an ce almajiri ne a ɓoye saboda tsoro, amma ranar da aka gicciye Yesu manyan almajirai sun watse su biyun ne suka fito suka ɗauki jikinsa (Yohanna 19:38-39). Allah yana da haƙuri da mai girma a hankali. Abu na farko ka samu mai bi ɗaya ko biyu da suka manyanta cikin bangaskiya, masu riƙe baki, ba wanda zai ɗauki hotonka ya sa a Facebook wai yana ba da shaida ba. Wannan ɗabi'ar ta jefa mutane cikin haɗari sosai, fastoci a kula.

Kafin ka buɗe magana ka yi tunanin inda zaka kwana in an ce ka bar gida, da abin da zaka ci, takardunka na makaranta da katin ɗan ƙasa su kasance inda hannunka zai kai, in da hali ka kama sana'a. Wannan ba rashin dogara ga Allah bane. Ka cigaba da girmama iyayenka fiye da da, gaisuwar safe, aike, taimakon gona ko kuɗin cefane, kada ka zagi abin da suke girmamawa, domin su a ganinsu sun rasa ɗa ne, zafinsu na gaske ne. Maganar baftisma kuma ku tsara lokacinta da wurinta tare da fasto. In kuma baka kai shekara 18 ba, kada wani ya ɗauke ka daga hannun iyaye a ɓoye, wannan yana jawo shari'a da fitina ga kowa, a nemi shawarar shugabannin ikkilisiya da lauya in rai yana cikin haɗari.

Ana ce mini Bahaushe baya zama Kirista, har na fara jin kamar na ci amanar asalina

Wannan maganar tarihi baya goyon bayanta. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin a koma Wusasa, kuma daga wannan jama'ar aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932. A ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa akwai majami'u da tun daga fasto har mai buga ganga Hausawa ne gaba da baya, akwai kuma Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta Hausawa da Fulani da Kanuri masu bi. Harshenka naka ne, tuwonka naka ne, kunya da kara da girmama manya da aka rene ka da su ka riƙe su gam, ba abin da bishara ta ce ka zubar.

Doka ta bani 'yancin yin addinina kuwa? Kuma ya dace Kirista ya kai ƙara?

A Najeriya sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin canza addini da yin sujada shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili, da yaɗa abin da ya gaskata. Sashen ya kuma ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa basu yarda da shi ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini. Kowa ya san abin da ke takarda da abin da ke faruwa a ƙasa ba kullum suke tafiya tare ba, ana wahalar samun filin coci a wasu garuruwa, makarantu da yawa babu malamin darasin addinin Kirista, amma sanin haƙƙinka yana rage tsoro sosai.

Neman haƙƙi ba rashin ruhaniya bane. Bulus da aka miƙe shi za a yi masa bulala ya tambayi jarumin ko ya halatta a doki ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba (Ayyukan Manzanni 22:25), daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. In abu ya faru ka rubuta rana da wuri da waɗanda suka gani, ka ajiye saƙonnin waya, ka sanar da fastonka da shugabannin CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na ƙaramar hukumarku, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da take da ofisoshi a jihohi. Ka tafi da wani, kada ka je ofishin 'yan sanda kai kaɗai.

In an zagi bangaskiyata a intanet, rashin ramawa ba tsoro bane?

Ko kaɗan. Zagi ba shaida bane. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zama a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da girmamawa. Ka faɗi abin da ka gaskata game da Yesu a fili, wannan haƙƙinka ne kuma aikinka ne, amma kada ka taɓa abin da maƙwabcinka yake ɗaukaka da baƙar magana, ba a jawo kowa wurin Almasihu da haka. Kisan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 daga saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji ya taso. Babu wata magana da ta halatta a kashe mutum, wannan zalunci ne tsagwaronsa, amma iyaye da shugabannin matasa ya kamata su zaunar da yara su nuna musu cewa abin da aka tura a waya baya dawowa, kuma ana iya yanke shi a juya shi. In gardama ta yi zafi ka fita daga cikinta, in mutum da gaske yake son sani ku yi maganar ku biyu.

In na ji labarin Leah Sharibu sai in ji ni ba komai bane, ba zan taɓa iya irin nata ba

Leah tana da shekara 14 aka sace ta tare da 'yan makarantarsu a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, da aka dawo da sauran bayan wata ɗaya ita aka riƙe ta, 'yan matan da suka dawo suka ce don ta ƙi barin bangaskiyarta ne. Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika, an kama shi a farkon Janairun 2020, a bidiyon da masu garkuwar suka fitar ya yi magana cikin natsuwa yana nuna bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Ba a ba mu labarinsu don mu auna kanmu mu ga mun gaza ba, an ba mu ne don mu yi addu'a mu kuma tuna da iyalansu kamar yadda Ibraniyawa 13:3 ta ce a tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu.

Kuma ba a ba mutum alherin ranar wuya tun kafin ranar ta zo. Yesu yace in an kai ku gaban mahukunta kada ku damu da abin da zaku faɗa, a wannan sa'ar za a ba ku (Matiyu 10:19). Saboda haka zama kana ta hasashen ko zan iya ko ba zan iya ba ɓata dare ne kawai, Bitrus da ya bugi ƙirji yace zai iya shine ya faɗi. Abin da ke hannunka yau shine ƙananan tsayawar da muka yi magana akansu a tambayar wurin aiki, da cusa Maganar Allah a ka, domin wanda aka ƙwace wa waya da Littafi abin da ya haddace ne kawai yake saura masa.

Me ya sa Allah yake ceton wasu ya bar wasu a kashe su?

A sura ɗaya, Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku, dukansu manzanni ne kuma Littafi bai ce ɗaya ya fi ɗaya bangaskiya ba. Saboda haka duk mai gaya wa gwauruwa cewa da mijinta ya yi addu'a sosai da bai mutu ba, ƙarya yake yi wa Allah. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba ba zasu yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18). Alkawarin da muke da shi shine yana tare da mu kuma mutuwa ba zata raba mu da ƙaunarsa ba, ba a yi mana alkawarin ba zamu sha wuya ba. In kana cikin makoki kana da izinin yin kuka da tambayar Allah don me, Zabura cike take da irin wannan.

Tsorona ya koma ƙiyayya, yanzu duk Musulmin da na gani gabana faɗuwa yake ko in ji haushi

Madalla da ka faɗi gaskiya, da yawa suna jin haka suna ɓoyewa. Amma kada ka bar shi ya yi saiwa, domin mai ƙiyayya ba zai iya yin shaida ba, kuma ramako akan wanda bai ji ba bai gani ba zunubi ne ko wa ya yi shi, ko da sunan kare coci ne (Romawa 12:17-21). Ka tuna masu kisan nan Musulmi ma basu tsira daga hannunsu ba, a Nuwamban 2014 babban masallacin Juma'a na Kano aka kai wa hari, a Zamfara da Katsina 'yan bindiga basa tambayar addini. Ka tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262 yawancinsu Kiristoci a masallacinsa da gidansa ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. A Kaduna Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, da suna farautar juna ne, daga 1995 suka koma aikin sulhu tare.

Gafara ba ta nufin ka daina neman adalci ko ka daina kula da tsaron gidanka, duba amsar doka da ta tsaron coci. Ka fara da maƙwabci ɗaya, ka je gaisuwar mutuwa, ka je barkar suna, ka karɓi naman Sallah ka aika da shinkafar Kirsimeti kamar yadda iyayenmu suke yi, in ma zuciyar bata so ka fara da ambaton sunansa a addu'a.

Tun bayan abin da na gani bana barci, ko ƙofa aka buga sai in zabura. Addu'ata ce bata isa ba?

Ba laifin addu'arki bane 'yar'uwa, rauni ne, Hausawa ma sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mafarkin abin da ya faru, zabura, bugun zuciya, saurin fushi, ƙin bin hanyar da abin ya faru, waɗannan sanannun alamu ne ga wanda ya ga tashin hankali kuma likitoci suna da hanyar taimako. Iliya da ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa shine ya bar shi ya yi barci ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, magana sai daga baya (1 Sarakuna 19).

Ki samu wadda kika yarda da ita ki riƙa faɗin abin da ke ranki daidai yadda kike iyawa, ba dole ki faɗi duka rana ɗaya ba. Ikkilisiyoyi da dama yanzu suna shirya taron warkar da raunin zuciya, ki tambayi fastonku ko shugabar Zumuntar Mata. In abin ya wuce wata ɗaya baya raguwa, ko ya hana ki aiki da kula da yara, ki je asibiti, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, zuwa can baya nufin hauka. In tunanin kashe kai ya fara zuwa ki gaya wa wani yau ɗin nan. Kuma a guji shan magungunan sa barci na kemis ba tare da likita ba.

Me zan gaya wa yarana in suka tambaya ko za a zo a kashe mu?

Kada ki yi musu alkawarin da ba a hannunki yake ba, kada kuma ki zuba musu duk abin da kika gani a waya, bidiyon gawarwaki ba na idon yara bane. Ki ce musu eh akwai mugayen mutane, amma Baba da Mama da manyan unguwa suna kula, Yesu kuma yana tare da mu ko ina. Ki koya musu abin yi, sunan iyaye cikakke, lambar waya ɗaya a ka, gidan wa za a haɗu in an watse. Ki bar su su ji kina addu'a kina cewa Ubangiji ina jin tsoro ka taimake ni, yaro da ya ga uwarsa tana tsoro kuma tana shirin coci ya koyi abin da wa'azi goma ba zai koya masa ba. Kuma a kula da irin maganar da ake yi akan maƙwabta a gaban yara, duba amsar ƙiyayya a sama.

Akwai ɗan'uwa a cocinmu da tsoro ya sa ya daina zuwa, ta yaya zamu taimake shi?

Ku je gidansa, mutum biyu sun isa, kada ku je da fuskar bincike. Ku gaisa ku zauna ku saurara, mai yiwuwa abin da ya hana shi ba abin da kuke zato bane, wani barazana aka yi masa a wurin aiki, wani surukai ne suka ce zasu ɗauke masa mata da yara, wani kuma kuɗin mota ne babu yana jin kunyar faɗa. In sabon mai bi ne da aka kora daga gida to ayar Markus 10:29-30 da ta yi alkawarin gidaje da 'yan'uwa da uwaye riɓi ɗari, ta hannunku zata cika, wato ɗaki da abinci da kuɗin makaranta ko jarin sana'a, kuma ba na sati biyu ba. Ikkilisiya ta ware wani abu daga baiko domin wannan tun kafin buƙata ta taso.

In zaku yi addu'a tare ku duba yadda masu bi na farko suka yi a Ayyukan Manzanni 4:29 bayan an yi wa Bitrus da Yohanna kashedi, sun ce Ubangiji ya dubi barazanar ya kuma ba bayinsa su faɗi maganarsa gaba gaɗi. Kafin ku tashi ku tambaye shi ko zai so wani ya biyo masa ranar Lahadi su tafi tare, in yace ba yanzu ba kada ku matsa, ku sa ranar da zaku sake dawowa kuma ku dawo a ranar.